Zaren Ɓawon Kuka a Ƙasar Kontagora: Tufka, Juriyar Itace da Makomar Sana'ar

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci kuka (Adansonia digitata) a matsayin itacen da ake samun zare daga ɓawonsa na ciki, tare da mayar da hankali a kan ƙasar Kontagora ta Jihar Neja. An kwatanta kuka da sauran itatuwan zare na yankin, an bayyana yadda ɓawonta ya ginu, da matakan da ake bi daga ɗaye ɓawo zuwa tufka igiya. Takardar ta kafa hujja cewa ja da bayan wannan sana'a ya samo asali ne daga shigowar zaren roba mai araha, ba daga ƙarancin itacen ba, kuma ɗaye ɓawo bisa ƙa'idar gargajiya ba shi ne babbar barazanar da kuka ke fuskanta ba. An auna wannan matsayi da abin da ya faru a Zimbabuwe da Yuganda.

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci kuka a ƙasar Hausa, miya ce ke fara zuwa zuciya, sai garin 'ya'yanta da ake damawa, sai kuma batun iskokin da ake cewa suna zama a cikinta. Ɓawon ba ya cika shiga lissafi. Amma duk wanda ya tsaya kusa da tsohuwar kuka a bakin gari ko a kufai zai ga gindinta ɗauke da tabo masu kusurwa huɗu, wasu sun cike sun yi sumul, wasu gefensu ya kumbura kamar leɓe, yawanci daga ƙasa zuwa iya inda hannun mutum ke kaiwa. Waɗannan tabo shaida ce ta wata sana'a: an ɗaye ɓawon an yi igiya, itacen ya mayar da wani, an sake dawowa an ɗaye.

Manufar takardar ita ce amsa tambayoyi uku. Me ya bambanta ɓawon kuka da na sauran itatuwan da ake tufka da su a ƙasar Kontagora? Me ya sa zaren ya tsaya a igiya bai kai ga tufafi ba, alhali a wasu sassan Afirka ya kai? Sannan da wane sharaɗi za a iya mayar da shi abin sana'a ba tare da an cutar da itacen ba?

2.0 Waiwaye a kan ayyukan da suka gabata

Rubutu a kan kuka ya daɗe. Ibn Battuta ya bayyana manyan itatuwa masu kogo da ya gani a hanyarsa ta zuwa Mali a shekarar 1352, kuma masana da yawa na ganin kuka yake nufi. Bafaranshen nan Michel Adanson ya nazarce ta a Senegal a tsakiyar ƙarni na 18, da sunansa ne kuma Linnaeus ya raɗa wa jinsin suna.

Aikin da ya fi kusa da wannan nazari shi ne na J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotland da ya fara aiki a Arewacin Nijeriya a 1905. Kontagora na cikin wuraren da ya tattara samfuran tsirrai, kuma har yanzu sunan garin na bayyana a jikin samfuransa da ke ajiye a Kew ta Ingila. Ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa (1916) da littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma (1937) sun lissafa kuka da kalgo da kukkuki da dargaza cikin itatuwan da ake samun zare daga ɓawonsu. Burkill ya faɗaɗa littafin na biyu cikin mujalladai da suka fara fitowa a 1985. Ƙamus ɗin Bargery (1934) ya adana kalmomin tufka da na kayan da ake yi da igiya. Ta fuskar tarihin yankin da al'ummominsa akwai Duff (1920) a kan Lardin Kontagora, da Temple (1919), da Gunn da Conant (1960).

Waɗannan ayyuka suna da siffa guda: jerantawa suke yi. Suna faɗin cewa ana yin igiya da ɓawon itace kaza, su wuce zuwa maganin da ake yi da saiwarsa. Kalgo da kuka sai su fito a layi ɗaya kamar abu ɗaya ne, alhali yadda ake ɗaukar ɓawon kowanne da abin da ke biyo baya ga itacen sun sha bamban ƙwarai.

Kashi na biyu na rubuce-rubucen ya fito ne daga masana ilimin tsirrai da gandun daji. Fisher (1981) ya bayyana yadda kuka ke warkar da rauni. Wickens (1982) da Wickens da Lowe (2008) sun tattara kusan duk abin da aka rubuta a kan jinsin. Romero da abokan aikinta (2001) sun auna tasirin cinikin ɓawon kuka a gabashin Zimbabuwe, Dhillion da Gustad (2004) sun yi aiki a Cinzana ta ƙasar Mali, Schumann da abokan aikinta (2010) kuma a Burkina Faso. Ƙarfin wannan kashi shi ne awo. Rauninsa shi ne yana kallon mai ɗaye ɓawo a matsayin matsi a kan itace, ba a matsayin mai sana'a da ke da ƙa'idojinsa ba. Wannan takarda na ƙoƙarin haɗa rukunan biyu wuri guda.

3.0 Hanyar nazari

An bi hanyar kwatanci. An ɗauki bayanan ilimin tsirrai daga ayyukan da aka ambata, an jera su kusa da kalmomi da ayyukan da Hausawa da maƙwabtansu suka sani a harkar tufka, sannan an auna sakamakon da misalai biyu na waje inda zaren ɓawo ya shiga kasuwa sosai. An yi amfani da keɓaɓɓun kalmomi uku. “Ɓawon waje” shi ne busasshen ɓangaren da ke kare itace. “Ɓawon ciki” shi ne ɗanyen ɓangaren da ke ɗauke da jijiyoyin abinci da zaruruwa. “Shimfiɗar haɓaka” kuwa ita ce siririyar fatar da ke tsakanin ɓawon ciki da katako, wadda masana ke kira kambiyom, daga gare ta ne sabon ɓawo da sabon katako ke fitowa.

4.0 Ƙasar Kontagora da itatuwanta na zare

Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku kuma jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Kontagora a wajajen 1864, da sarautar Sarkin Sudan. Turawan Ingila sun ci garin a 1901 zamanin ɗansa Ibrahim. Masarautar ta ƙunshi Kambari da Dukawa da Kamuku da Hausawa da Fulani da wasu al'ummomi, tana kuma cikin Jihar Neja tun da aka ƙirƙiro jihar a 1976. Yaƙe-yaƙen rabin ƙarshe na ƙarni na 19 sun tashi garuruwa da dama a yankin. Wannan na da alaƙa da batun da ake nazari, domin kuka itacen zaman mutane ce: inda aka sha 'ya'yanta aka zubar da ƙwallayen a juji, nan take tsirowa, ta kuma ci gaba da tsayuwa bayan masu garin sun watse. Tarin kukoki a tsakiyar daji yawanci alamar kufai ne.

Yankin na cikin dajin Gini, inda ruwan sama ya fi na Sakkwato da Katsina yawa, damina kuma ta fi tsawo. Doka da maje da kaɗanya da ɗorawa da maɗobiya su ne suka fi cika dajin. Kuka ba ta cikin itatuwan da suka mamaye irin wannan daji, domin ƙananan kukoki ba sa jure gobarar da ke cin doguwar ciyawa duk shekara. A cikin gari da gefen gonaki ake samunta, kuma kusan kowace tana da mai ita.

Itatuwan zare na yankin sun kasu kamar haka ta fuskar amfani. Kalgo, wanda nau'insa na wannan yanki shi ne Piliostigma thonningii, shi ne na aikin gaggawa: manomi ya sare reshe, ya ɗaye ɓawon ɗanye, ya ɗaure dami ko itacen wuta nan take ba tare da tufka ba. Dargaza (Grewia mollis) na ba da zare, amma an fi saninta da yauƙin ɓawonta. Kukkuki (Sterculia setigera), wanda ya fi son wuri mai duwatsu, yana da zare mai ƙarfi da kuma ƙaro. Faru ma ana ɗaure-ɗaure da ɓawonsa. Sai rama (Hibiscus cannabinus), wadda ba itace ba ce, shuka ce ta shekara da ake yi a gefen gona, amma ita ce babbar kishiyar kuka a harkar igiya tun kafin zuwan roba. Wani abin lura shi ne, a rabon tsirrai na zamani, kuka da kukkuki da dargaza da rama da lalo da rimi da auduga duk dangi ɗaya ne, wato Malvaceae. Masu tufka sun ware waɗannan tsirrai ta hanyar taɓawa da ja tun kafin masana su tara su ƙarƙashin suna guda.

5.0 Abin da ya keɓanta ɓawon kuka

5.1 Tsarin zaren

Ɓawon babbar kuka kan kai kaurin santimita 5 zuwa 10. Idan aka yanka shi a gicciye za a ga ɓawon cikin a jere yake hawa-hawa, shimfiɗar zare mai tauri na bin shimfiɗar tsoka mai laushi. Wannan ya sa idan an daka shi tsokar ke zubewa, zaren ya rabu falle-falle. Zaruruwan ba a miƙe suke sambal kamar na rama ba, suna haɗuwa suna rabuwa kamar raga. Sakamakon haka igiyar kuka ta fi ta rama kaushi, amma tana da wuyar warwarewa ko da wani ɓangarenta ya goge.

5.2 Mayar da ɓawo

A nan ne kuka ta rabu da sauran. A yawancin itatuwa, jijiyoyin da ke sauko da abinci daga ganye zuwa saiwa suna cikin ɓawon ciki. Idan aka zagaye gindin aka cire ɓawon tare da shimfiɗar haɓaka, saiwa ta daina samun abinci, itacen ya bushe a tsaye. Manoma sun san wannan sarai, domin da shi suke kashe itace idan za su buɗe sabuwar gona.

Kuka ba ta mutuwa ta wannan hanya. Katakonta ba irin na maje ko maɗobiya ba ne. Cike yake da rayayyun ƙwayoyin halitta masu riƙe ruwa, shi ya sa yake da laushi, ba ya yin gawayi mai kyau, ba ya kuma yin azara ko turmi. Fisher (1981) ya nuna cewa idan an ɗaye ɓawon, waɗannan rayayyun ƙwayoyi da ke fuskar katakon ne ke rarrabuwa su samar da sabuwar fata a kan duk filin raunin. Wato ba daga gefe kaɗai raunin ke cikowa ba kamar yadda yake a sauran itatuwa, daga ƙasansa yake tasowa. Rashin amfanin katakon kuka ga mai gawayi da masassaƙi, da kuma iya mayar da ɓawonta, abu ɗaya ne ya haifar da su. A yankin da buhunan gawayi ke jere a bakin titi, wannan siffa ta zama kariya ga kuka.

Sai dai mayarwar ba ta kwana ɗaya ba ce. Awon da aka yi a Zimbabuwe ya nuna ɓawon na bukatar kimanin shekara 6 zuwa 10 kafin ya koma kaurinsa na farko. A tsawon wannan lokaci itacen na ɗaukar abincin da zai yi ganye da 'ya'ya yana zubawa a gyaran rauni.

6.0 Daga gindin itace zuwa igiya

Aikin na farawa da zaɓen wuri a jikin itacen. Ana neman fili mai santsi wanda ba shi da kumburi ko tsohon rauni da bai gama cikowa ba. Da gatari ake tsaga layi biyu a kwance, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sannan a haɗa su da layi biyu a tsaye. Sai a bubbuga filin da ƙeyar gatari har ɓawon ya saki katako, a cusa tsinin sanda ta sama a ɓamɓaro shi. Ɓawon ya fi saurin saki lokacin da itacen ke da ruwa a jika. Zurfin saran yana da muhimmanci: gatarin da ya wuce ɓawo ya shiga katako yana lalata ƙwayoyin da za su mayar da fatar, ya kuma buɗe ƙofa ga ruɓa.

Bayan haka sai a feƙe ɓawon waje a zubar. Abin da ya rage a ɗora shi a kan gungume a daddake shi da kulki har ya yi laushi, a tsattsaga shi tsawo-tsawo, a shanya. Busasshen zare na ajiyuwa watanni. In an tashi tufka sai a yayyafa masa ruwa ko a jiƙa shi kaɗan don kada ya karye.

Tufkar kanta aiki ne na zaune, shi ya sa aka fi saninta da dattawa da makafi, kuma da rani aka fi yinta lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. Mai tufka kan maƙale bakin igiyar a babban yatsan ƙafarsa, ya riƙe sili biyu na zare, ya murza su tsakanin tafukansa ko a kan cinya. Kowane sili yana murɗuwa ta gefe guda, su biyun kuma suna naɗe juna ta ɗaya gefen. Wannan saɓanin murɗi shi ne ke riƙe igiya: duk sili na ƙoƙarin warwarewa, ƙoƙarin nasa kuma yana ƙara matse ɗan'uwansa. Idan sili ya kusa ƙarewa sai a saka sabon zare a cikinsa, ana kula kada mahaɗar silin biyu ta faɗo wuri ɗaya, domin nan igiya ke tsinkewa. Gwanintar mai tufka a mahaɗa ake gane ta. Igiya mai kauri kuwa ana samunta ta hanyar sake tufka siraran igiyoyi biyu ko uku wuri guda.

Abubuwan da ake yi da ita sun haɗa da igiyar guga, da dabaibayi da talala da ragama na dabbobi, da ɗaurin tanka da jinka, da ragaya ta rataye ƙwarya. Dalziel (1937) ya ƙara da raga da tarko da tsarkiyar kayan kiɗa a faɗin Afirka ta Yamma. A ƙasa mai shanu da yawa irin ta Kontagora, mai babbar kasuwar dabbobi kamar ta Mariga, bukatar igiyar ɗaure dabba ba ta yankewa.

7.0 Me ya sa zaren bai zama tufa ba

Hanya biyu ce ake bi a mayar da ɓawo sutura. Ta farko ita ce duka: a buga ɓawon ciki har ya faɗaɗa ya zama mayafi ba tare da saƙa ba. Baganda na Yuganda na yin haka da itacen mutuba (Ficus natalensis), ɗan'uwan cediya, kuma hukumar UNESCO ta ayyana sana'ar cikin gadon al'adun duniya a 2005. Asante na Gana sun yi irinsa da Antiaris toxicaria, mutanen tsibiran tekun Fasifik kuma da Broussonetia papyrifera. Hanya ta biyu ita ce a murza zaren a saƙa shi da hannu, kamar bargon gudza na Zimbabuwe da jakar kiondo ta Kenya, wadda a da ake yi da zaren kuka kafin zaren sisal ya maye gurbinsa.

Cediya na nan a ƙasar Hausa, kuka ma na nan. Abin da ya rufe hanyar shi ne auduga. Lokacin da matafiyin nan Barth ya isa Kano a 1851 ya tarar da saƙa da rini sun zama ginshiƙin kasuwancin birnin, ana kai tufafinta nesa. Auduga ta fi laushi, tana karɓar baba, tana wankuwa, ana kuma noma ta duk shekara. Musulunci ya ƙara wa riga da zane da rawani daraja, su kuwa al'ummomin yankin da ba su rungumi tufar auduga da wuri ba sun fi dogaro da fata. Babu gurbin da ya rage wa mayafin ɓawo. Rabon aiki ne ya faru: auduga ta ɗauki jiki, ɓawo ya ɗauki ɗauri. Don haka kuskure ne a ɗauki rashin tufar ɓawo a nan a matsayin gazawar fasaha.

8.0 Shigowar roba

Zaren kuka ya taɓa shiga kasuwar duniya. Monteiro (1875) ya ba da labarin yadda aka riƙa fitar da shi daga Ambriz ta Angola zuwa Ingila don yin takarda. Wannan ciniki bai ɗore ba. A Nijeriya kuwa, hankalin hukuma ya karkata ne ga rama da lalo don yin buhunan gyaɗa da koko, har aka kafa masana'antun buhu a Jos da Badagry a shekarun 1960.

Abin da ya sauya lissafi shi ne robar folifurofilin, wadda aka fara sarrafawa don kasuwa a 1957, aka kuma fara saƙa buhunanta a Legas a farkon shekarun 1970. Taki da siminti da gishiri da shinkafa duk suka koma shigowa ƙauye cikin irin wannan buhu. A gefen ruwa kuma, bayan kammala madatsar Kainji a 1968, kamun kifi ya bunƙasa da ragar nailan.

Wajibi ne a lura da yadda sauyin ya kasance. Tufka ba ta mutu ba. Dattijon da a da ke zaune da zaren kuka a gabansa yanzu tsohon buhun taki yake warwarewa sili-sili, ya murza shi da salon da ya saba, ya fitar da igiya fara mai ratsin shuɗi ko kore na rubutun buhun. Abin da ya faɗi daga sana'ar shi ne rabinta na farko, wato zaɓen itace da sara da ɗayewa da daka. Dalilin a fili yake: buhu na zuwa da zarensa a rarrabe, ba a neman izinin mai itace, ba a jira ya bushe, ruwa ba ya ruɓar da shi, gara ba ta cin sa. Matsalar tsaro da ta addabi sassan Mariga da Rijau da Magama a 'yan shekarun nan ta ƙara sa duk aikin da ke bukatar nisa da gari ya yi wuya. Ilimin da ke cikin haɗarin ɓacewa ke nan shi ne na mu'amala da itacen, wanda kuma shi ne ba a rubuta ba.

Igiyar buhu na da nata aibin. Rana na cinye ta har ta riƙa zubar da gari, guntayenta ba sa ruɓewa a gona, dabbobi kuma na haɗiye su, abin da mahauta da likitocin dabbobi ke gani a tumbin shanu da awaki. Amma waɗannan aibobi ba sa bayyana a farashi ranar kasuwa, don haka ba za su dawo da igiyar kuka ba.

9.0 Ainihin barazanar da ke kan kuka

Ana yawan ɗora wa masu ɗaye ɓawo laifin lalacewar kuka, wataƙila saboda tabon da suke bari shi ne ido ke gani. Bayanan da ake da su ba su goyi bayan wannan ba. Aikin Schumann da abokan aikinta (2010) ya nuna kuka na jure ɗaye ɓawo, sassabe rassa don ganye ne ya fi shafar yawan 'ya'ya. Dhillion da Gustad (2004) ma sun danganta ƙarancin 'ya'ya da yawan yankan ganye. Wannan ya dace da abin da ake gani a garuruwan Arewa, inda kukokin cikin gari ke tsaye da dungulmin rassa saboda ana aske su duk shekara don miya. Kukar da ba ta yi fure ba, jemage ba zai zo ya yi mata barbara da dare ba, ba za ta kuma bar iri ba.

Matsala ta biyu ita ce rashin masu tasowa. Venter da Witkowski sun nuna a arewacin Afirka ta Kudu cewa awaki da sauran dabbobi na cinye ƙananan kukoki kafin su kafu. A ƙasar Kontagora ana iya ƙara wuta da garmar shanu da ta tarakta da maganin feshi na kashe ciyawa. Ƙaramar kuka ganyenta falle ɗaya ne, ba mai yatsu ba irin na babba, don haka mai noma kan nome ta bai gane ta ba. Tsawon ran itacen na ɓoye wannan giɓi: gari na iya shekara hamsin bai tayar da sabuwar kuka ba, kowa na ganin tsofaffin a tsaye yana zaton babu abin da ya sauya. Rahoton Patrut da abokan aikinsa (2018), cewa 9 daga cikin kukoki 13 mafi tsufa a Afirka sun mutu ko manyan sassansu sun rushe cikin shekara 12, ya nuna tsofaffin ma ba dawwamammu ba ne, ko da yake a kudancin nahiyar aka yi wannan lura.

10.0 Sharuɗɗan mayar da zaren abin sana'a

Idan zaren kuka na da makoma a kasuwa, ba a igiyar guga take ba. Tana cikin kayan da ake saya don kyansu da asalinsu: jaka, tabarmar ado, hula, marufin kujera, takardar hannu. Kuka ta riga ta sami suna a kasuwannin waje tun da Tarayyar Turai ta amince da garin 'ya'yanta a matsayin abinci a 2008. Ana kuma iya komawa gindinta a ɗaye ɓawo sau da yawa.

Sai dai misalin Zimbabuwe gargaɗi ne. Bayan farin 1992, iyalai da yawa a kwarin Save da Odzi suka koma saƙa tabarmi da zaren kuka suna sayarwa a bakin titi. Da bukata ta ƙaru, sai aka riƙa komawa itace kafin ya warke, aka hau sama da tsani ana ɗaye inda a da ba a taɓawa. Juriyar kuka na da iyaka, kasuwa kuma ba ta san wannan iyakar ba. A Yuganda akasin haka aka samu. Ana dasa mutuba a gona, da zarar an ɗaye ɓawon sai a naɗe gindin da ganyen ayaba don kada ya bushe, ana kuma komawa itace ɗaya shekara bayan shekara na tsawon lokaci. Sana'ar na ƙarƙashin zuriyar Ngonge da shugabanta mai sarautar Kaboggoza. Bambancin wuraren biyu bai tsaya ga nau'in itace ba. A ɗaya itacen na da mai shi kuma sana'ar na da shugaba, a ɗayan kuwa kowa na iya zuwa da gatarinsa.

Ta wannan fuska ƙasar Kontagora ta fi kusa da Yuganda, tunda kukokinta na gida da gona ne, akwai kuma tsarin masu unguwanni da dagatai da hakimai da sarakunan sana'a da za a iya jingina ƙa'ida a kansu, tare da malaman daji. Ƙa'idojin da bayanan sama suka nuna su ne: kada a zagaye gindi gaba ɗaya, kada sara ya shiga katako, kada a koma fili ɗaya kafin shekarun da ɓawo ke bukata su cika, kada a haɗa wa itace ɗaya ɗaye ɓawo da aske rassa a shekara guda, kuma duk mai ɗaye ɓawo don sayarwa ya killace ƙananan kukoki daga awaki da wuta.

Akwai kuma hanyar rage wa manyan itatuwa nauyin miya. A Mali an gwada shuka kuka a fadama kamar kayan lambu, ana yankar ganyenta tun tana 'yar wata kaɗan. Ƙwallon kuka na da tauri, amma idan aka jiƙa shi a ruwan zafi ko aka kankare bayansa yana tsirowa cikin makonni kaɗan, kuma fadamun da ke bin kogin Kontagora sun dace da irin wannan noma na rani. Gwajin kaurin ɓawo da saurin mayarwarsa a yanayin ruwan saman yankin aiki ne da sassan nazarin halittu da aikin gona na Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke Kontagora za su iya ɗauka tare da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan, a fara da auna tsofaffin tabon da ke jikin kukokin garin, tare da dattawan da suka san shekarar da aka yi kowane sara.